Ina ya dace a kafa injinan lantarki na iska a Kano?

Malam, ka tambaya ko Kano za ta iya kafa injinan iska irin na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10. Za ta iya, amma a zauna da masana namun daji da TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan dakon wutar lantarki na ƙasa, tun kafin a zaɓi fili. Tsuntsayen Turai na sauka a fadamar Hadeja zuwa Nguru lokacin hunturu, kuma fukafukan injin da wayoyin wuta na kashe manyan tsuntsaye irin su shamuwa da ungulu. Ungulu kuwa ta riga ta yi ƙaranci, ko a mahauta da wuya ka gan ta yanzu, abin takaici. A nisanci hanyar tsuntsayen nan da dajin Falgore. Sannan a auna nisan wurin da tashar wutar lantarki ta Kumbotso, domin jan dogon layin wuta na cin kuɗi sosai.