Tambaya da Amsa: Na biya riyal 600 a koya min samun kuɗi a YouTube?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina zaune a Makka wajen Shara Mansur, maigidana direba ne ni kuma ina gida da yara uku. Ina ɗan ɗaukar bidiyon girki da wayata, masa, dambun shinkafa, wani lokacin kabsa yadda maƙociyata ta koya min, ina sakawa a YouTube amma mabiyana ko 200 basu kai ba. To akwai wani a TikTok da yake cewa shi ƙwararre ne, kullum sai ya nuna sikirinshot na daloli, yace duk wanda ya biya riyal 600 zai saka shi a guruf na WhatsApp ya koya masa sirrin, wai cikin wata uku kuɗi zasu fara shigowa har kamfanoni su riƙa bada talla. Yace gurbi 20 ya rage kuma ranar Juma'a zai rufe. Kuɗin adashena ne Anti, na biya?

Wata ƴar'uwa daga Makka

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki biya, ki riƙe kuɗinki, kuma wallahi wannan maganar ta "Juma'a zan rufe" ita ta fi tayar min da hankali, dan an saka ta ne kawai ki tura kuɗi kafin ki samu wanda zaki yi shawara dashi. Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum sama da 1,000, to gurbi 20 na me?

Sirrin da yake cewa zai sayar miki a rubuce yake kyauta a shafin taimako na YouTube, har da Larabci. Kafin YouTube su fara raba kuɗin talla da ke sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ki zauna ki lissafa, idan bidiyonki na masa minti 8 ne kuma mutane suna kallon rabi su wuce, kallo 60,000 kike buƙata kafin awa 4,000 ta cika. Bayan nan ma sai an buɗe AdSense, wato asusun Google da ake biyan kuɗin talla ta cikinsa, sai sun aiko miki da lambar tantancewa ta gidan waya, kuma basa turo ko sisi sai kuɗin ya kai dala 100. Sannan kuɗin tallan ya danganta da inda masu kallo suke, mai kallo daga Kano ko Damagaram ba ɗaya yake da na Amurka ba wajen abinda masu talla ke biya, mu kuwa masu Hausa yawancin masu kallonmu can gida suke. Wanda ya san wannan duka yace miki wata uku, to yaudararki yake.

Sikirinshot kuwa ƙanwata, yaro ɗan sakandare ma zai haɗa miki shi a waya kafin ki gama soya kasko ɗaya na masa. Ki tambaye shi sunan tasharsa ta YouTube, ki shiga da kanki ki duba mutum nawa suka kalli bidiyonsa na watan jiya. Sau tari zaki tarar duk abinda yake ɗorawa kiran mutane ne su sayi kwas, ma'ana kuɗinsa daga aljihun irinku yake fitowa, mutum 20 sau 600 riyal 12,000 kenan a zama ɗaya.

Abinda ya fi damuna ma shine maganar tallan kamfanoni da ya ambata kamar wasa. Nan Saudiyya ce. Tun 2022 aka fito da lasisin Mawthuƙ ga masu yin talla a soshiyal midiya, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku, kuma a shekarar hukuma ta gargaɗi baƙi mazauna ƙasar da masu ziyara kar su yi talla ba izini. Ke da iƙamarki, wato takardar izinin zamanki a ƙasar, take ƙarƙashin maigida, ki ɗora tallan turaren wani shago dan riyal 100 ki jawo wa gidanku magana, shi mai kwas ɗin yana ina a lokacin? Haka ɗaukar mutane a waya ba saninsu, laifi ne a dokar ƙasar, tarar tana iya kaiwa riyal 500,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, dan haka idan kin shiga kasuwa sayen cefane kyamararki ta tsaya kan tumatir da albasa, banda fuskokin mutane.

Ni girkin naki ne ya burge ni, Bahaushiya a Makka tana haɗa kabsa da dambu a kicin ɗaya, matan gida da yawa zasu so ganin haka. Ki cire kaɗan daga kuɗin adashen ki sayi sandar ɗora waya da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ki riƙa ɗauka kusa da taga da hantsi lokacin da haske yake da kyau, ki faɗi ma'aunin komai a baki, kofi nawa na shinkafa, yis cokali nawa, awa nawa ƙullin zai kwana. Bidiyo ɗaya duk sati ya isa. Bayan wata uku ki sake rubuto min ki faɗa min wanne aka fi kallo.