Dukan Holmes ne ya gama da Muhammad Ali, ko dama ya riga ya ƙare?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka kalli faifan damben Muhammad Ali da Larry Holmes, abin ya tsaya maka a rai, shi ne kake tambaya ko dukan wannan daren ne ya gama da Ali, kuma me ya hana shi dawowa ya rama kamar yadda ya rama a kan Joe Frazier da Ken Norton da Leon Spinks. Na yi shekaru ina taimaka wa mai horarwa a wani ƙaramin kulob na damben zamani, ni ke ɗaure wa 'yan dambe bandeji, ni ke riƙe bokiti da tawul a kusurwa, saboda haka zan ba ka amsa da abin da tarihi ya tabbatar da kuma abin da idona ya gani.

A ganina dukan Holmes bai kawo ƙarshen Ali ba, ya dai fito da shi fili ne kowa ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Ali ya daɗe da tsagewa. A 1975, a Manila, shi da Frazier sun yi turmi 14 suna jibgar juna cikin tsananin zafi kafin mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana ɗan dambensa tashi. Ali ne ya yi nasara, amma daga ranar bai sake zama yadda aka san shi ba. A 1977 ya yi turmi 15 da Earnie Shavers, wanda ake sawa cikin masu nauyin hannu da aka taɓa yi, ya shanye naushin da da wani ne da tuni an kwashe shi. Bayan wannan damben ne likitansa na shekaru, Ferdie Pacheco, ya nemi a dakatar da shi, da ya ga ba mai sauraronsa sai ya bar tawagar. A Fabrairun 1978 kuma Spinks, yaron da dambe bakwai kacal ya yi na ƙwararru, ya ƙwace masa kambu. Ali ya karɓo abinsa a Satumba, ya sanar da ajiye safar hannu a 1979, kuma da nan maganar ta tsaya da ba mu zauna muna wannan jimami ba.

Ranar 2 ga Oktoba, 1980, a Las Vegas, Ali yana da shekara 38, ya yi shekara biyu bai hau fili ba. Holmes yana da shekara 30, ya yi dambe 35 ba a taɓa cin sa ba, kuma ya san Ali ciki da waje, domin shekaru ya yi yana abokin atisayensa. Kafin hukumar dambe ta jihar Nevada ta ba Ali lasisi an tura shi asibitin Mayo, inda gwajin ya nuna ɗan tangarɗa wajen taɓa hanci da yatsa da tsalle da ƙafa ɗaya, duk da haka aka bar shi ya shiga. Ya rage ƙiba har ya sauko ƙasa da kilo 100, jama'a suka ga jiki ya yi kyau suka ce Ali ya dawo, alhali maganin thyroid, wato na ciwon maƙoƙo, da aka ba shi bisa kuskuren gano cuta ya riga ya tsotse masa ƙarfi. Turmi goma aka yi, bai ci ko ɗaya ba a katin alƙalai ukun. Ya jingina da igiya, hannuwa a fuska, Holmes yana zuba masa hagun nan tasa mai tsawo, har ana ganin Holmes ɗin yana sassautawa. Bayan turmi na goma mai horar da Ali, Angelo Dundee, ya ce an gama, mataimakinsa a kusurwa Bundini Brown yana roƙon a ƙara turmi ɗaya. Shi ne karo ɗaya tak da aka tsayar da Ali a duk rayuwarsa ta dambe, kuma Holmes ya zubar da hawaye bayan nasarar.

Yanzu ga dalilin da ya sa babu ramuwa. Kayen da Ali ya sha a hannun Frazier a 1971 da na Norton a 1973 kaye ne na mutumin da yake da komai a jikinsa, aka fi shi dabara ko shiri a dare ɗaya. Irin wannan yana da gyara: a koma sansani, a duba inda aka yi kuskure, a canza salo. Kayen gefe ɗaya na tsohon ɗan dambe kuwa babu kuskuren da za a nuna a gyara, domin ya san abin da ya kamata ya yi, jikin ne ya daina amsawa. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin naushi ne ke fara tafiya, amma shi ne ma yake tafiya a ƙarshe. Ƙafa ce ke fara mutuwa, sai saurin kaucewa, sai wannan ɗan ƙiftawar da ke tsakanin abin da ido ya gani da fitar hannu.

Wannan na gan shi kusa da kusa. Muna da wani babban mutum a kulob ɗinmu, ajin masu nauyi, ya haura shekara 35, yara suna ce masa Baba saboda girmamawa. Idan ya naushi buhu sai ka ji sarƙar tana kuka, wanda duk ya leƙo ya ce wannan bai tsufa ba. Amma buhu ba ya ramawa. Ranar da aka haɗa shi da wani saurayi, ina kusurwa ina kallon yaron yana sauke hannun hagu bayan kowane naushi, ƙofa a buɗe, mu duka muna ihu Baba ya saki dama. Da ya zauna a kujera na zare masa robar baki, na matsa masa soso a ƙeya, ya dube ni ya ce, "Ina ganin wurin, wallahi ina gani, hannun ne ya ƙi tafiya." Bayan turmi biyu kuma ya tambaye ni turmi na nawa muke. Tawul yana kafaɗata ban jefa ba, don ina jin nauyinsa kuma ina tsoron ya ce na kunyata shi a gaban yaransa. Har yau wannan daren yana damuna, musamman idan na tuna yadda maganarsa ta riƙa yin nauyi a shekarun da suka biyo baya.

A nan ne juriya take zama masifa. Ɗan damben da haɓarsa ba ta da ƙwari naushi ɗaya ke kai shi ƙasa, a ƙirga masa goma ya tafi gida. Wanda Allah ya ba taurin kai da zuciya irin na Ali kuwa ba ya faɗuwa, sai ya tsaya yana karɓa turmi bayan turmi, kuma a ajin masu nauyi kowane naushi mutum ne mai kilo 100 a bayansa. Jingina da igiyar da ta ba shi nasara a kan George Foreman a Kinshasa a 1974 dabara ce a wancan daren, domin yana da abin mayarwa a turmi na takwas. A gaban Holmes jinginar ce kawai ta rage.

Me ke mayar da su fili? Kuɗi da mutane. An ba Ali kimanin dala miliyan 8 a damben Holmes, kuma akwai jama'a masu yawa da tukunyarsu ba ta ɗoruwa sai ya hau fili. Joe Louis bashin haraji ne ya dawo da shi, har Rocky Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiya a 1951 yana da shekara 37. Shi kansa Holmes, da ya kai shekara 38, ya dawo ya gamu da Mike Tyson a 1988, aka gama da shi a turmi na huɗu. Ko a damben gargajiya mun san yadda kiɗa da kirari ke tayar da tsohon shago ya ɗaura kara, alhali na kusa da shi sun san ƙafarsa ta tafi.

Za a kawo maka misalin Foreman, wanda ya ci kambu a 1994 yana da shekara 45 bayan ya kayar da Michael Moorer. Gaskiya ne, amma Foreman ya yi shekara goma, daga 1977 zuwa 1987, ba wanda ya taɓa kansa, kuma dambensa dama a kan ƙarfi yake, ba a kan rawar ƙafa ba. Ali kuwa jarinsa duka sauri ne.

Ya sake gwadawa sau ɗaya, ranar 11 ga Disamba, 1981, a Nassau ta ƙasar Bahamas, inda Trevor Berbick ya cinye shi da maki a turmi goma. A 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da nauyin jiki. Likitoci sun sha bamban kan girman rabon dambe a cikinta, amma nauyin harshensa ya bayyana tun kafin ya gamu da Holmes, shi ya sa ba na ɗora wa Holmes alhakin, ina ɗora shi ne a kan waɗanda suka ga alamu suka sa hannu.

Malam, idan za ka iya sake kallon faifan, kada ka dubi fuskar Ali. Ka fara kallon dambensa da Cleveland Williams na 1966, ka sa ido a kan ƙafafunsa kawai, sannan ka koma na Holmes tun daga turmi na farko, kafin wani naushi mai nauyi ya same shi, ka dubi ƙafafun, ka kuma ƙirga sau nawa hannun damansa ya fita.