Sezon da fota: kada ka maimaita abin da ya same ni

Ƙanena, da na karanta tambayarka cewa an ba ka kwalabe na sezon (giyar Beljiyam mai yawan iska) da fota (baƙar giya mai asali a Landan) na ƙananan masu dafa giya, kana son sanin ko ka ɓoye su shekara biyu ko ka sha yanzu, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Wannan tambayar ce na yi wa wani mai shago a nan Mons ta Beljiyam a 2019, kuma amsarsa har yau tana ci mini rai.

Kwalba goma sha biyu na saya a wurinsa, shida sezon manya masu toshiya da waya, shida fota da aka zuba wa kofi. Na faɗa masa ƙarara cewa Yayana nake tara wa, yana neman biza daga Jos, ban san ranar zuwansa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce in ajiye ko shekara uku ne, daɗi za su ƙara. Bai tambaye ni inda zan ajiye ba, bai kuma gaya mini cewa koren kwalaben nan sun daɗe a tagar shagonsa rana na dukansu ba. Ni kuma na kai su ɗakin ƙasa na jera kusa da tukunyar ɗumama gida, don nan ne kawai akwai wuri.

Korona ta zo ta rufe hanya, Yaya bai iso ba sai 2022. Shekara tara ban sa shi a ido ba. Matata ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na gayyato maƙwabta biyu. Ina kwance wayar kwalbar farko sai toshiyar ta tashi da kanta, kumfa ta yi sama, ta jiƙe tebur da tuwon da farar rigar da ya ɗinko musamman don tafiyar. Ɗan abin da ya rage yana wari. Na buɗe fota, babu ko ƙanshin kofi, ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali ne kawai. Yaya ya shanye kofinsa tas, ya ce, "Ƙane, niyyarka na sha." Na shiga kicin na kasa fitowa. Mutumin da ya sayar da gonarsa ta dankali na yi karatu, abin da na tarbe shi da shi ke nan.

Na koma shagon da kwalba ɗaya a hannu. Mutumin ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, wai bai tuna ya faɗi haka ba, wai da na karanta kwanan watan da ke jikin takarda. Na karanta a gabansa, ashe wata huɗu ya rage wa fotar ranar da ya sayar mini. Ya sani sarai, kayan da suka kwanta masa ya juye mini don ya ga baƙo. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma wannan ya fi kuɗin zafi.

To, duba takardun kwalabenka yau. Fotar da ƙarfinta bai wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba, irin Fuller's London Porter mai 5.4, ka sha ta cikin 'yan watanni. Wadda aka sa wa kofi ko kwakwa ko banila ma kada ta kwana da yawa, ƙanshin nan shi ke fara gudu. Mai jure ajiya ita ce fotar Baltik mai nauyi, kamar Żywiec Porter ta Polan mai 9.5. Na ajiye ta shekara biyu a wuri mai sanyi, zafin barasar ya kwanta, ta koma kamar dabino da cakulan.

Za ka ji ana cewa ai a Landan da can ana tsumar fota watanni a manyan gangunan katako. Gaskiya ne, har ɗaya ta fashe a 1814 ta kashe mutum takwas. Amma a can yis ɗin daji da ke cikin katakon ne ke aiki, ba irin kwalbarka da aka tace ba.

Sezon ta fi wuyar sha'ani. Yis ɗinta yana da rai a cikin kwalba, wani irinsa kuma ba ya daina cin sukari, in ya samu ɗumi sai iska ta taru, abin da ya ɓata rigar Yaya ke nan. Saison Dupont ta ƙauyen Tourpes a nan Beljiyam, mai 6.5, ni sabuwa nake sonta, lokacin da ɗacin hop (furen da ke ba giya ɗaci) da ɗan yajin nan suke da kaifi. Tana kai shekara ba ta lalace ba, sai dai kaifin ya dushe. In takarda ta ce akwai Bret a ciki, wato wani yis ɗin daji, wannan an yi ta ne don ta jira. Orval, wata giyar Beljiyam mai Bret, ba sezon ba ce, amma ka sayi sabuwa da mai shekara biyu ka kurɓa gefe da gefe, za ka gane aikin Bret.

Mu da muka tashi muna ganin burukutu ana dafawa ana shanyewa kafin ya yi tsami, ban san yadda aka yi na yarda cewa daɗewa daraja ce ba.

A tsaye ake jera kwalaben, cikin duhu, digiri 10 zuwa 13 na Salsiyas, nesa da tukunyar ɗumama. In ba ka da irin wurin, firji ya fi. Sezon kuma ka sanyaya ta sosai kafin ka taɓa wayar, ka buɗe a bakin wurin wanke-wanke. In kwalaben iri ɗaya ne, sha ɗaya a makon nan don ka san asalin ɗanɗanonta, ka rubuta, ka buɗe ta biyu bayan wata shida.

Turo mana hoton takardun, gaba da baya, in gaya maka wadda zan fara buɗewa. Ka faɗa mana kuma inda suke ajiye yanzu, don hankalina bai kwanta ba.