Amsa ga Maman Ƴan Biyu kan kaɗaici a Maradi

Sannu da baƙunta, ƴar'uwa. Kin ce aikin Maigida ya dawo da ku daga Damagaram zuwa unguwar Zariya, ga ƴan biyu, ba ki san kowa ba, kina neman hanyar sabawa da mutane.

Kada ki jira a zo miki. Ki zuba tuwo a kwano, ki rufe, ki kai wa maƙwabciyarki da kanki. Kwanon nan ba zai dawo wayam ba. In kin ji ana suna ko rasuwa a layinku, ki leƙa, ko gaisuwa ce kawai. Matan Maradi ba sa manta wadda ta taka ƙofarsu.

Sannan ki nemi ƙungiyar Mata Masu Dubara ta unguwarku. A jihar nan ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin a 1991. Mata na zuba ɗan kuɗi duk sati, mai buƙata ta ranta ta biya da ƴar riba, a raba asusu ƙarshen zagaye. Ni dai hirar da ake kan tabarma ta fi mini kuɗin, don nan za ki samu dattijuwar da za ta riƙe miki Hasana ranar da za ki kai Usaina likita.