Amsa ga ƙaninmu da lup ɗinsa ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ga hoton da ka turo, inda Dev-C++, manhajar da kake rubuta kod ɗin C da ita, ya ja maka jan layi a kan for, wato lup mai maimaita umarni, yana cewa ba a yarda ka ayyana i, mai ƙirga zagayen, a cikin lup ba sai a ƙa'idar C99 ko C11. Kana tambaya wai ko ka goge manhajar ka sake saukewa. Kar ka ƙona datarka a banza wallahi. Kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kompailar, wato mai fassara kod zuwa yaren na'ura, ita ce tsohuwa.

Ka ga Dev-C++ 5.11 ɗin nan da kowa ke kwafa a filasha, kompailar da ke cikinta GCC 4.9.2 ne. Shi kuwa in ba ka ce masa komai ba, tsohuwar ƙa'idar C ta 1989 yake bi, kuma a can ba a rubuta int i a cikin bakan for. Ƙa'idar 1999 ce ta halatta haka, shi ya sa ake ce mata C99. Sai da GCC 5 ya fito a 2015 sannan suka koma bin C11 kai tsaye.

To hanya biyu ce. Ko ka hau sama, bayan main, ka rubuta int i da waƙafi mai ruwa, sannan a cikin for ka fara da i daidai da sifili kawai, ban da int. Ko kuma ka shiga Tools, ka danna Compiler Options, akwai ɗan akwati na farko, ka yi masa alama ka rubuta -std=c99. Shi ke nan. Ni na biyun na fi so, don sau ɗaya za ka yi ka huta.

Abokinka da ka ce nasa ya tafi, je ka duba sunan fayil ɗinsa. Na tabbata .cpp ne, C++ ke nan, ita ba ruwanta da wannan doka. Kai ma in ka... a'a, bar wannan, kar ka sauya, tun da C aka ba ku aiki.

Yauwa, dakata, na ce kod ɗinka lafiya, ashe ban duba ƙasa ba. Lup na biyu, waƙafi ka sa tsakanin sassa ukun. Waƙafi mai ruwa ake sawa, guda biyu cif. Da ka gyara na farko wannan zai taso maka.

Amma don Allah kar ka sa shi bayan rufe baka! Wannan abin har yau yana ci mini rai. Muna aji ɗaya na rubuta lup da zai buga lamba 1 zuwa 10, na ɗiga waƙafi mai ruwa a ƙarshen layin for. Kompaila ba ta ce uffan ba, don a wurinta ba laifi ba ne, lup ne mara ciki. Allo ya nuna mini 11 ita kaɗai. Na kwana a kai, ga ba wuta, batirin laftof na ta ja. Da safe na kai wa malamin, ko kallon allon bai yi ba, ya ce in je in yi karatu, ya zabge mini maki. Ɗigo ɗaya fa, da ya nuna mini da biro da an wuce wurin.

Ka gyara biyun nan, ka danna F11 don kod ɗin ya tafi, in wani jan layin ya fito ka turo hoton har da saƙon da ke ƙasa, kar ka yanke shi kamar ɗazu.