Tambaya da Amsa: Ina makomar tallafin ƙasashen waje idan soja suka karɓi mulki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne da ke safarar albasa tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Tun bayan juyin mulkin Nijar nake jin cewa an dakatar da tallafi, amma kuma ina ganin wasu ofisoshin jakadanci a buɗe a Yamai. Shin wace doka ce ke sa a yanke tallafi, kuma wa hakan ke cutarwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tallafin da ake magana a kai iri-iri ne, kuma ba duka ake tsayarwa ba. Akwai kuɗin da ake zubawa kai tsaye a baitulmalin gwamnati domin cike giɓin kasafi, akwai na ayyukan raya ƙasa kamar hanyoyi da madatsun ruwa, akwai na soja, sannan akwai agajin jinƙai na abinci da magani. Ukun farko su ne ake saurin dakatarwa, shi kuwa na jinƙai yawanci akan bar shi ya ci gaba ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Da dakarun fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, cikin kwana uku Tarayyar Turai da Faransa suka sanar da dakatar da tallafinsu, daga baya Bankin Duniya ya tsayar da fitar da kuɗi. Ƙungiyar ECOWAS, a taronta na Abuja ranar 30 ga Yuli, ta rufe iyakoki, Najeriya kuma ta katse wutar lantarki. Nauyin wannan mataki ya bayyana a watan Oktoba, lokacin da mahukuntan Yamai suka rage kasafin kuɗin shekarar da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya ji a jikinsa kuwa kai ka fi mu sani, domin ku ne kuka ga motocin kaya sun yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa, shinkafa da magani suna ƙara tsada, alhali masu mulkin suna nan daram.

Batun doka ya fi fitowa fili a Amurka, inda wani sashe na dokar kasafin kuɗinta, mai lamba 7008, ya hana ba da yawancin tallafi ga gwamnatin da ta hau ta hanyar hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba. Sai dai dokar ba ta fara aiki sai gwamnatin Amurka ta furta da bakinta cewa juyin mulki ne, shi ya sa ta yi ta jan ƙafa har zuwa 10 ga Oktoban 2023, saboda tana da sojoji kimanin dubu ɗaya a ƙasar da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. A Masar ma, da soja suka karɓi mulki a 2013, ta guje wa furta kalmar. A Chadi kuma, da Mahamat Déby ya gaji mahaifinsa a 2021 ba bisa tsarin mulki ba, shugaban Faransa da kansa ya halarci jana'izar mahaifin, Tarayyar Afirka ba ta ma dakatar da ƙasar ba. A ganinmu wannan son kai ne ya zubar da ƙimar matakin a idon talakawa.

Yanke hulɗar jakadanci kuwa wani abu ne daban, kuma ba kasafai ake kai wa gare shi ba, domin kowace ƙasa tana son ta bar ƙofar tattaunawa. Faransa ce lamarinta ya yi tsami, kuma Nijar ce ta nuna mata hanya: aka kori jakada Sylvain Itté, sojojinta kimanin 1,500 suka fice kafin ƙarshen Disamban 2023, ofishin jakadancinta ya rufe. Amurka ta kwashe sojojinta a 2024 amma ta bar ofishinta a buɗe.

Matsin bai mayar da Bazoum kan kujerarsa ba. ECOWAS ta ɗage takunkuminta ranar 24 ga Fabrairun 2024, wata guda bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, sannan a watan Afrilu masu horar da soja daga Rasha suka sauka a Yamai. A cikin shekarar ne kuma Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka koma hulɗa da gwamnatin sojan.