Tambaya da Amsa: Tayoyin Hunturu, Sababbi ko Na Hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Montreal na ƙasar Kanada, kuma bana ne zan fara shiga hunturu da motar kaina, wata ƙaramar Toyota Corolla da na saya a hannu. Abokan karatuna sun ce dole in sa mata tayoyin hunturu kafin sanyi ya kankama. Na ga wani yana tallar guda huɗu a Facebook a kan rabin kuɗin sababbi, ya ce hunturu biyu kawai ya yi da su. Kuɗin makaranta da na haya sun riga sun yi mini nauyi. Shin in sayi waɗannan, ko in daure in sayi sababbi?

Wani mai karatu, daga Montreal

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokanka sun faɗa maka gaskiya, domin a lardin Kebek, inda Montreal take, doka ce ta wajabta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma wanda aka kama ba shi da su zai biya tarar dala 200 zuwa 300. Idan taya ba mai ƙusoshi ba ce, doka ba ta karɓar ta sai in akwai hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa a jikinta. Haruffan M+S da ake gani a jikin wasu tayoyi, masu nufin laka da dusar ƙanƙara, su kaɗai ba su isa ba, saboda haka wannan hoton ne abu na farko da za ka nema kafin a fara maganar kuɗi.

Dalilin dokar yana cikin robar da aka yi tayar da ita. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyas, robar tayar yau da kullum takan fara tauri, ta rage kama kwalta, birki ya yi nisa kafin mota ta tsaya. Tayar hunturu kuwa an haɗa robarta yadda za ta zauna da laushi cikin tsananin sanyi, sannan an yi wa zanenta dubban ƙananan tsagogi masu buɗewa su ciji ƙanƙara idan tayar ta taka ƙasa. Laushin roba da zurfin zane su ne duk abin da kake biya wa kuɗi, kuma su ne shekaru da tafiya suke cinyewa.

A nan ne nake so ka yi lissafi da natsuwa, domin rabin kuɗi ba lallai ne ya zama araha ba. Sabuwar tayar hunturu takan zo da zane mai zurfin milimita 8 zuwa 10. Doka ta yarda a yi amfani da taya har zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6, amma wannan iyaka ce ta doka kawai. Ma'aikatar Sufuri ta Kanada ta yi gargaɗin kada a shiga dusar ƙanƙara da tayar da zanenta ya kusa milimita 4, hukumar inshorar motoci ta Kebek kuma ta ba da shawarar kada zanen ya gaza milimita 4.8 a ranar da za a ɗaura tayar. Ke nan idan sabuwa ta zo da milimita 9, abin da za ka mora a zahiri kafin ta sauka zuwa 4 milimita 5 ne. Idan zanen ta wancan mutumin milimita 6 ne yanzu, milimita 2 kacal ya rage maka, wato za ka biya rabin kuɗi a kan abin da bai kai rabin amfani ba, sannan ka sake biyan kuɗin ɗaurawa da daidaitawa bayan hunturu ɗaya ko biyu. Akwai ma tayoyin da asararsu ta fi haka, kamar wasu nau'o'in Bridgestone Blizzak, waɗanda robarsu ta musamman mai kama ƙanƙara tana cikin kusan rabin sama na zanen ne kawai, idan ta cinye sai a koma kan robar hunturu ta gama-gari.

Maganar cewa hunturu biyu kawai ya yi da su, kada ka dogara da ita, ko da mutumin mai gaskiya ne, domin mai yiwuwa shi ma a hannu ya saya. Tayar da kanta za ta gaya maka shekarunta. Ka duba gefenta, za ka ga jerin haruffa da lambobi da suka fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe kuma su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Ka duba kowace ɗaya daga cikin huɗun, saboda akan haɗa tayoyi masu shekaru daban-daban a sayar a matsayin saiti guda. Roba tana bushewa ko da an ajiye ta ba a hau ba. Kamfanin Michelin ya ce a riƙa kai taya ana duba ta duk shekara idan ta kai shekara biyar, a kuma yar da ita idan ta kai goma komai kyan zanenta, wasu kamfanonin motoci kuwa shekara shida suka ƙayyade. A ra'ayina, tayar hunturun da ta haura shekara huɗu ba abin saye ba ce.

Idan har za ka je ganin su, ka je da rana, ka riƙe ɗan ma'aunin zurfin zane da ake sayarwa da 'yan daloli a shagunan kayan mota. Ka auna kowace taya a gefen ciki da tsakiya da gefen waje, domin wadda ta suɗe a gefe guda ta fito ne daga motar da ƙafafunta ba su daidaita ba, kuma ba za ta gyaru a motarka ba. Ka danna farce a kan zanen ka ji ko yana lotsawa. Ka karkata ta zuwa haske ka nemi ƙananan tsagewa a gefe da kuma cikin kwaruruwan zanen, ka shafa hannu ka ji ko akwai kumburi, sannan ka leƙa cikinta ka ga ko an taɓa yi mata faci. Faci guda a tsakiyar inda take taka ƙasa ba matsala ba ne idan an yi shi da kyau, amma faci ko kumburi a gefen taya ya isa ka yi sallama ka tafi. Girman tayar kuma dole ya dace da wanda aka rubuta a ƙaramar takardar da ke manne a bakin ƙofar direba.

Ga shawarata a kan halin da kake ciki. Idan tayoyin nan huɗu iri ɗaya ne, ba su wuce shekara uku ba, zanensu ya kai milimita 7 ko fiye, kuma ba su da wani aibu, to ka saya ba tare da fargaba ba. Irin wannan ciniki yakan samu daga wanda ya sayar da motarsa ko ya sauya wadda girman tayarta ya bambanta, wani lokaci ma har da rim ɗinsu, abin da zai rage maka kuɗin sauyawa sau biyu a shekara. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, ka sayi sababbi masu matsakaicin farashi, ba sai masu tsadar suna ba, musamman da yake kai sabon shiga ne a tuƙi a kan ƙanƙara kuma kana bukatar duk kamun da taya za ta iya ba ka. Abin da ba zan yarda ka yi ba don tsimi shi ne sa biyu kawai a gaba, domin bayan motar zai riƙa zamewa a kwana, kuma dokar Kebek ma huɗun ta nema.

Ka nemi lokaci a gareji tun cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, saboda layi yakan yi tsawo da zarar dusar farko ta zuba, kuma a waɗannan watannin ne kamfanonin taya suka fi yin rangwame. Idan sanyi ya wuce ka cire su, domin zafin kwalta yana cin laushin robarsu da sauri, ka wanke gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara, wanda ya manne musu, ka sa kowace a leda, ka ajiye su a wuri mai sanyi da rana ba ta kai wa.